Turancin Ɗakin Wanki

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe ɗaya da kwata na rana, a kan bencin bayan ɗakin wanki na babban asibiti.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ƙafar Baba? Ki tabbata bayan abinci yake shan maganin, haka aka rubuta a jikin kwalin.

Kin ce in ba ki labarin aiki ba tare da na cika ki da ƙididdiga ba. Zan ƙoƙarta. Wani sabon kamfani ne ya karɓi wankin asibitin, kuma shugabar da suka kawo Turanci kaɗai take ji. An ce duk ma'aikacin da bai ci jarrabawar Turanci cikin mako shida ba, za a sallame shi. Shi ne aka ɗauke ni in koya musu, awa ɗaya kowace safiya kafin a kunna injuna. Yau na shiga mako na biyu. Su goma sha ɗaya ne, mata bakwai, maza huɗu, kuma ƙaraminsu ya girme ni da shekara tara.

Har yanzu kalmar Turanci ɗaya muke kai, wato take. Ita kaɗai ba ta da wuya. Rigimar tana wurin 'yar ƙaramar kalmar da ke bin bayanta. Take out, a fitar da kaya daga inji. Take off, a cire safar hannu. Take back, a mayar. Take down, a sauko da abu daga sama. Ba na ba su takarda. Ni in faɗa, su kuma su aikata da zanen gado da kwando. Mai tura keken kaya ya ce kalmar nan ta fi surukarsa sauya magana.

Wadda ta fi kowa ita ce mai guga, dattijuwar da kowa ke kira Gwaggo. Shekara ashirin da shida tana tsaye gaban babban injin guga, kuma ita ke riƙe da jikokinta uku. Sau sittin na gwada ta, ko ɗaya ba ta kuskure ba. Kullum tana gefen ƙawarta Doguwa, mai ninke kaya. Ranar Juma'a Gwaggo ta ƙwace rigata ta sama ta goge, wai ba za ta ɗauki karatu wurin mai yamutsattsiyar kwala ba.

Na kuma yi wani abu da nake jin za ki yaba. Shugaba ta so a yi jarrabawar a taro, ina faɗa suna yi. Na rubuta mata shafi biyu cewa hakan ba zai nuna gaskiyar abin da kowa ya iya ba. Gara a shiga ɗaya bayan ɗaya, a kunna muryar da aka naɗa a na'ura, kowa ya ji abu iri ɗaya. Ta amince.

Ki gaida Baba da kyau.

Ƙaninki,
Auta

Alhamis, 20 ga Maris, ƙarfe biyar saura minti goma na yamma, a ɗakina.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji daɗi da kumburin ƙafar Baba ya sauka. Ni jikina lafiya, zuciyar ce dai.

Shekaranjiya Doguwa ba ta zo ba, ta je a cire mata haƙori. Na gwada Gwaggo sau goma, biyu ta ci. Na ce take off, ta ɗauki kwando ta nufi ƙofa. Ba wanda ya yi dariya, har mai keke. Kowa ya sunkuyar da kai. Shirun nan ne ya tayar mini da hankali.

Jiya na tare Doguwa a lungun injunan busarwa. Da farko ta ce in je in ji da allona. Da ta ga ba zan gusa ba, ta faɗa mini. Ƙarar inji ta cinye kunnen Gwaggo. Na hagu ya mutu shekara biyar ke nan, na dama saura kaɗan. Kalmar take tana jin ta, don da ƙarfi take fitowa, amma 'yar ƙaramar da ke biye ɓace mata take yi, alhali ita ce ke ɗauke da umarnin.

A ɗakin wanki dama ba a magana in injuna na aiki, da hannu suke yi. Babban yatsa baya, a mayar. Tafin hannu ƙasa, a sauko. A aji Doguwa kan yi alamar a gefen cinyarta, Gwaggo ta gani da wutsiyar ido. Duk su goman sun sani. Shekara biyar suna rufa mata asiri, don in masu aikin suka ji, ba za a bar ta kusa da inji ba.

Doguwa ta ce, "Da a taro za a yi, da ta wuce lami lafiya. Wane mai shegen kai ne ya kawo maganar ɗaya-ɗaya?" Yaya, cewa na yi zan bincika.

Yau da safe na je wurin shugaba na ce na sake tunani. Ta nemi dalili. Dalilin gaskiya kuwa shi zai kori Gwaggo tun kafin jarrabawa. Na tsaya ina inda-inda. Ta yi murmushi, ta nuna mini shafukan nan nawa, an riga an buga an aika wa sauran asibitoci uku da kamfanin ke yi wa wanki. Ta ce in daina shakkar kaina.

Da hutun rana na zauna da Gwaggo na nuna mata yadda za ta karanta baki. A off leɓe yana taɓa haƙori, a back leɓɓa biyu suna haɗuwa tukuna. Cikin minti ashirin ta kama. Sannan ta dube ni ta ce, "Ɗan malam, ita na'urar taku tana da baki?"

Ki sa ni a addu'a. Kada ki gaya wa Baba.

Ƙaninki,
Auta

Talata, 8 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a kan benci ɗaya dai.

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata yara sun warke daga murar. Wasiƙarki ta iso. Kin ce in faɗa wa Doguwa gaskiya. Na faɗa. Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na huɗu ta ja ni bayan kwanduna ta koya mini alamun hannu duka, ta ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara. Muka shirya ta gaya wa Gwaggo ta riƙa kallon hannuna na dama.

Jiya aka yi jarrabawar a ɗakin ajiyar sabulu. Teburi ɗaya, ni da shugaba a bayansa, na'ura a kai, kwando da zanen gado da safar hannu a gaba. Umarni goma, sai an ci bakwai. Na roƙa a ƙara murya, aka ƙara sau ɗaya.

Gwaggo ce ta takwas. Ta shigo da fararen kayan aikinta, a goge sumul. Na sauke hannuna gefen kujera, inda shugaba ba za ta gani ba. Na'ura ta ce take back, na juya babban yatsa baya. Gwaggo ba ta kalle ni ba. Ta karkata kunnen dama wajen na'urar, ta rufe ido, ta yi abin da ta ji. Sau goma ina alama, sau goma idonta a rufe. Huɗu ta ci. Da hannuna na rubuta huɗun.

Sauran goman duk sun ci. Shugaba ta ce ba ta taɓa ganin sakamako irin wannan ba, ta kuma ba ni ajujuwan sauran asibitocin uku. Yau wani ne a gaban injin guga. Rigata ta sama da na manta jiya, na same ta rataye a jikin allo, a goge, kwalar a tsaye.

Kin san ba na son rubuta abin da ban tabbatar ba. Ga abubuwan da ban sani ba.

Ko Doguwa ta isar da saƙon. Ta rantse ta isar, sau biyu.

Ko Gwaggo ta rufe ido ne don ta ji sosai, ko don kada ta ga hannuna a kore ni tare da ita.

Ko ta san wanda ya rubuta shafuka biyun nan.

Ko cutarta na yi, ko na ceci ɗan abin da ya rage na kunnenta. Na so in yarda da na biyun, amma ba ni da hujja.

Wanda zai riƙe jikokin nan uku.

Mutum nawa ne a asibitocin can suke tsayawa kusa da wata ƙawa, suna kallon gefen cinyarta. Ranar Litinin ƙarfe bakwai zan fara, kuma na'urar tana cikin jakata.

Ki gaida Baba.

Ƙaninki,
Auta