Na zagaya ƙarafan sabis na unguwarmu, yanzu ana kallon mahaifiyata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗaliba ce, ajin uku a jami'a, ina karanta kwamfuta, muna zaune a Bulabulin ni da Mama da ƙannena mata biyu. Malaminmu ya turo mana sanarwar wani shirin bincike na dogon hutu, sati takwas a wata jami'a a kudu, kan tsaron wayoyin hannu da sabis. Sharaɗinsu kowa ya tura ɗan aikin da ya yi da kansa. Ni da iyayin kaina, sai na ce bari in auna inda sabis ke faɗuwa a unguwarmu, don a irin wuraren nan aka fi samun damar shiga wayar mutum. Sati biyu ina zagaya ƙarafan sabis da rana tsaka, waya a hannu, ina rubutu a littafi. Wallahi na manta a garin da nake, garin da 'yan ta'adda suka ƙona ƙarafan nan muna gani.

Masu shirin sun ɗauke ni, har sujada na yi. Kwana uku da murnar sai Bulama, mai unguwarmu, ya aiko kiran mu ni da Mama, wai mutane sun kai masa maganata. Na nuna masa takardar da aka ɗauke ni a shirin, sai bakina ya ja min, na ce ai koyon yadda ake kutse cikin waya za mu yi don mu san yadda ake toshewa. Rabin farko kawai dattawan wurin suka riƙe.

Bulama ya san ni tun ina goye. Bai yi faɗa ba, ya ce shi ya yarda da ni, amma in na bar gari a wannan tsakanin cewa za a yi na gama aikin da aka sa ni na gudu, kuma wanda ya rage a gida shi za a tambaya. Kawuna ya ce in ƙona littafin in zauna. Na ce ƙonawar ma ai shaida ce a kaina, muka yi ta yi har na yi kuka. Malamin ya ce zai rubuto wasiƙa, to wa zai karanta wa 'yan layinmu ita?

Mama ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Jiya da rabin ƙullun ta shigo, maƙwabtan shekara ashirin sun wuce ta ba ko sallama. Ba ta ce in tafi ba, ba ta ce in zauna ba.

Ranar Litinin ake so in ba da amsa. Yau da safe na buɗe jakata na tarar Mama ta wanke min kaya ta goge ta jera, har da dardumar sallarta. Jama'a, in ɗauki jakar nan in bar ta da mutanen layi, ko in kwashe kayan a gabanta? Ya zan yi?