Rasit ɗin Motar Shanu

Malama Adijatu, ki taimake ni.

Tun ranar 3 ga Satumba 2011 nake riƙe da gwamnati a zuciya. Ranar na tashi daga Bawku zuwa Tamale, wai an yi mini ƙarin girma. Ni da na karanta lissafi a jami'a, a motar shanu na yi ƙaura, don ita ce daidai aljihun malamin makaranta. Motar Alhaji Dramani ce, wan matata, mai lodi a Aboabo.

Bara ɗana da ke Kanada ya ce can ana rage wa mutum haraji in ya yi ƙaura saboda aiki. Na sa batakarina, rigar saƙi ta fita kunya, na tafi ofishin haraji. Ma'aikaciyar, tsohuwar ɗalibata, ta ce babu wannan a nan, kuma ina ma rasit?

Rasit! Wa ke neman takarda wajen surukinsa? Musabaha muka yi, ya yi addu'a, muka hau. Ashe ofishin ba ya karɓar addu'a. Yanzu ina so in rubuta rasit da tsohon kwanan wata, Alhaji ya dangwala yatsa, tunda bai yi boko ba. Matata ta ce in na kuskura, in nemi mai tuƙa mini tuwo. In yi?

Ai Alhaji yana da alhakina. Motar ba tampol, ruwa ya same mu a Walewale. Littattafaina duka, har na jami'a, sun zama kunu.

Tsohon Malami, Nyanshegu

Baba, Kanada da nisa. Iya sanina, dokar harajinmu ba ta da ragi na ƙaura. Ɗalibarka ta faɗa maka, kai ne ka zaɓi rabin maganar da za ka ji. Kuɗin canjin wurin aiki wajen ma'aikatarka ake nema. Je ka tambaya, amma kada ka ɗora tukunya dominsa. In ka kai sittin kuma har yanzu ana cire maka haraji, koma ka tambaye ta ragin tsofaffi.

Kana da gaskiya, an tura ka aiki an bar ka da wahala. Amma rasit ɗin ƙarya laifi ne, kuma yatsan tsohon da bai san abin da aka rubuta ba ne zai zauna a kai. Mama ta fi ka lissafi a nan.

Littattafan ne ke cin ranka. Je ka zauna da Alhaji ka gaya masa, ba tare da takarda ba. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya bar ka da tuwon gidanka.