Wushiryar Inna

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina fatan kina lafiya, da maigida da yara. Ya Legas, ya kewar gida? Mu nan Fammar sai godiyar Allah.

Albishirinki, an mayar wa Inna haƙoran gaba biyun da suka zube. Na kai ta Rano, likita ya auna bakinta da wani abu kamar ƙullu. Bayan mako biyu muka tarar da haƙoran roba farare, a manne da juna. Inna ta daɗe tana kallon madubi, sannan ta ce, "Likita, sannu da aiki, amma wannan ba bakina ba ne. Ina wushiryata?" Sai da muka kai masa tsohon hotonta, ya sake su, ya bar 'yar ƙofar nan a tsakani.

Tun ranar, da hantsi sai ta zauna gindin mangwaro tana murmushi ita kaɗai, idonta a hanyar gona, inda marigayi Baba yake ɓullowa. Jiya na ji ta ce a hankali, "Yanzu dai in Malam ya gan ni, zai gane ni."

Ki sa su a addu'a, ita da shi. Ki gaida Alhaji da yaran.

Ƙanwarki,
Binta