Baba Ya Fara Fita

Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Mu nan sai godiya.

Albishirinki, Yaya. Baba ya fita daga gida, da ƙafarsa, da hularsa, har da jakar kayan aikinsa. Kin san tun rasuwar Mama iyakarsa bakin ƙofa.

Kin tuna zauren tsofaffi na bayan asibiti, inda nake zuwa taimako ranar Asabar? Mukan auna musu jini, mu yanke musu farce, a ɗan motsa jiki, a sha shayi, da yamma kowa ya koma gidansa. To kujerun wurin duk sun kwance, zama a kansu sai da addu'a. Na yi ta yi wa Baba mita har ya gaji, ya ce, "Mu je in gani, kada a ce da kafinta a gari tsofaffi suna faɗuwa."

Yana durƙushe yana buga ƙusa sai ga wata tsohuwar shugabar makaranta, kowa Malama yake ce mata, ta tsaya a kansa da sandarta. Ta ce, "Bawan Allah, gyara ta kake yi ko ƙarasa ta?" Baba ya ɗago ya ce, "Zauna ki gwada. In kin faɗi, ga asibiti nan kusa." Wurin ya kaure da dariya, shi ma Baba ya yi ta yi har da tari. Ni kuwa na shige ɗakin shayi na sha kukana.

Ki gaida min yarana.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na karanta.

Na ji daɗin dariyar Baba, amma ke yarinya ce, ba ki duba gaba. Mutum da 'ya'yansa a raye ya je ya zauna cikin waɗanda ba su da kowa? Me za a ce da mu? Ga gwiwarsa, ga hawan jini, kin bar shi yana durƙuso a kan siminti.

Na riga na gyara masa ɗakin baƙi, an sa sabon gado da labule. Ƙarshen wata zan zo in taho da shi, ya huta a gabana. Ki fara haɗa masa kaya. Taimakonki kuma Allah ya ba ki lada, amma ki yi shi ke kaɗai.

Ki gaida Baba da kyau.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ki yi haƙuri, ban haɗa kayan ba.

Wa ya ce miki ba su da kowa? Wani tsoho da ake kira Mai Agogo, jikarsa ce take kawo shi a mota. Wani tsohon direba mai kunne ɗaya kuwa 'ya'yansa sun fi na gidanmu yawa. Yini ne yake yi musu tsawo idan kowa ya tafi aiki.

Da za ki ga Baba yanzu. Ya tara tsofaffi maza, sun yi wa matakalar shiga abin dafawa, shi yana ba da umarni, su suna musu. Wata baiwar Allah da ta daina zuwa saboda tsoron matakalar ta dawo, ta riƙe katakon tana sa masa albarka. Jininsa kuwa ni nake aunawa, ya sauka, ma'aikaciyar jinya ma ta shaida.

Ga babban labarin, ki zauna tukuna. Jiya da safe ya sa na goge masa farar rigarsa, ya tambaye ni ko turarensa na nan. A hanya ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga, sannan ya ce, "Auta, Malamar nan, mijinta ya daɗe da rasuwa ko?" Na ce ya daɗe. Ya ce, "To." Muka yi tafiya kaɗan ya sake cewa, "To." Yaya, murna nake yi, kuma tsoronki nake ji.

Taki,
Auta

*

Uwata,

Allah ya yi miki albarka, ke da zuriyarki. Ni ne da kaina na riƙe alƙalami, ki yi haƙuri da rubutun kafinta.

Na ji kin yi min gado da labule. Na gode. Amma kwanciya na yi ta har ta ishe ni. A zauren nan in na makara ana tambaya ina Kafinta. Na daɗe ban ji an neme ni don wani aiki ba.

Mahaifiyarku ba ta fita daga raina ba, kuma ba za ta fita ba. Kullum ina yi mata addu'a, na kuma faɗa wa Malama haka. Ta ce ita ma nata yana nan a ranta, babu mai korar wani.

Na yi mata maganar aure. Ta dube ni ta saman tabarau kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, ta ce, "Ba zan shiga gidan da babbar 'ya ba ta so na ba. Ta zo ta faɗa min da bakinta." Kin ga al'amarin ya dawo hannunki. A da ni nake ba ki izini, yau ni nake nema.

Ki shafa min kan jikokina.

Mahaifinki

*

Auta,

Ina gaisuwa. Wasiƙar Baba ta sa na kasa cin abinci, maigidan kuwa sai dariya yake yi min.

Ina nan tafe ranar Juma'a. Asabar ki tafi da ni zauren, ki ba ni aiki kamar kowa, ko wankin kofuna ne, kada ki ce mata ni ce. Ina so in gan ta da idona.

Ban ce na yarda ba. Amma ki bincika min a hankali, wane launin mayafi ta fi so?

Yayarki