Muryar Inna a Cikin Waya

Talata, 16 ga Satumba

Yau na ji Inna a tashar Hunkuyi. Innar da muka binne bara da azumi.

Na tsaya sayen zare, sai muryarta ta fito daga rumfar mai cajin waya, tana yi wa wani Alhaji kirari a kan sabuwar mota. Har da 'yar guɗarta. Zaren ya faɗi cikin taɓo, ban ɗauka ba. Mai cajin ya ce wai manhaja ce, ka rubuta suna, tsohuwar ta yi masa kirari. Na ce uwata ce. Ya yi dariya, da ya dubi fuskata sai ya daina.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na gaya wa ƙanena Yahuza. Ashe ɗan banzan ya daɗe da sani, ya yi gum. Ya ce masu fim ɗin nan da suka taɓa zuwa daga Kaduna suka naɗi waƙoƙinta na biki, daga wurinsu muryar ta fita. Yanzu sun maka masu manhajar a kotu, kowane ɓangare na cewa muryar tasa ce.

Tasa! Mutanen da ko gaisuwar mutuwa ba su zo ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Ɗinki ya ƙi. Na yanka wa rigar da Hafiza ta kawo ɗinki hannun hagu biyu.

Asabar, 27 ga Satumba

Yahuza ya kawo lauya, Barista Winifred, 'yar Ikara. Ta durƙusa har ƙasa ta gai da Baba, nan ta shiga raina. Tana so mu shiga shari'ar a matsayin iyalin mai murya. In muka yi nasara, alƙali zai sa a goge muryar gaba ɗaya.

Ta ce, "Anti, faɗa mini abu ɗaya da Mama ba za ta taɓa faɗa da bakinta ba."

Yahuza ya riga ni, yana nuna ni da yatsa. "Sunanta."

Gaskiya ne. Ni ce 'yar fari, kuma Inna 'yar kunya ce ta gasken gaske. "Ke." "Waccan." "Ku kira mini yayarku." Da zazzaɓi ya kwantar da ni ina ƙarama, nas ta tambayi sunana a asibiti, Inna ta kafa wa bango ido har sai da Gwaggo ta amsa. Matar da ta rera sunan kowace amarya daga Kudan har Paki. Ranar nawa bikin ɗaki ta shige ta ja labule. Ban taɓa jin haushi ba, haka ake yi. To, wataƙila kaɗan.

Barista ta ce a gaban alƙali za a rubuta sunana a kunna, ni kuma in rantse cewa Inna ba ta taɓa faɗa ba. A nan za a ga suna cusa mata abin da ba nata ba. Na ce to.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Yahuza ya sa mini manhajar a waya, wai in saba, kada in je in zube a kotu. Na tura ta ƙarƙashin yadudduka a ɗakin Inna, inda keken ɗinkina yake. Duk yini ina taka keke ina waiwaye. Ji nake akwai mutum a bayana a kan darduma, yana jira in gama.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na rubuta sunana a manhajar. Bayan azahar, na turo ƙofa.

"Mukarrama."

Na kashe tun kafin ta shiga kirarin. Tsikar jikina duk ta tashi. Ta ɗan ja tsakiyar sunan, kamar mai lallashi. Ni ban san haka zai fito a bakinta ba, to abin nan a ina ya sani?

Ba ita ba ce. Inna sai ta yi gyaran murya kafin ta fara. Wannan ko numfashi ba ta yi.

Da na fito, na tarar da Baba a tsakar gida riƙe da buta, ruwan na zuba a ƙafarsa bai sani ba. Ya ce, "Ba ta taɓa ba." Can kuma, "Ku je a kashe abin nan. A bar baiwar Allah ta kwanta."

Na ji tsoro. Na kuma yi kuka, ba na tsoron ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Sau ɗaya kawai na kunna yau. Don in saba.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Barista ta bugo. Zaman kotu ranar Litinin ne, a Kaduna, kuma ta ce maganata ce za ta ɗaure shari'ar. Na ce in aka goge, har da ta wayata? Ta ce har ita, Anti, babu inda za ta rage. Ta faɗa da murna.

Ban san me ya kai ni tambaya ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Gobe kotu. Na goge mayafi, na wanke takalmi. Baba yana da gaskiya, ba Inna ba ce, kuma bai kamata kowane ɗan tasha ya riƙa tashinta tana yi masa guɗa ba. Haka zan gaya wa alƙali.

Abin yana ɗan jinkiri kafin ya yi magana. Da la'asar na danna, na ajiye wayar a kan gadonta, na saki labule, na fito na zauna wanke-wanke. Ba wani dalili, so nake in ji yadda take fita daga nesa.

Ta kira daga cikin ɗaki.

"Na'am, Inna."

Sai a bakin ƙofa na tsinci kaina, kumfa na ɗiga daga hannuna.

Na gaya wa Yahuza in na makara gobe, kada motar ta jira ni.