Ƙwan Modu

Daren Laraba, Bulabulin

Yau mijina Modu ya yanke jiki ya faɗi a filin atisaye, abokinsa ya kawo min shi a keke napep. Ashe ƙwai da madarar da makarantarsu ke ba 'yan ƙwallonta, mai shayin bakin layinmu yake sayar wa, yana tara kuɗin rajista. Rabin kuɗin kawai ake yafe musu, sauran mu ne za mu nemo. Koci ya ce in ya sake faɗuwa zai cire shi daga ƙungiyar, rangwamen ya tafi ke nan.

Na ce, "Haba Yaya, da koko zalla za ka yi gudu?"

Ya ce, "Falmata, ƙwan da na ci ai ba ya biyan rajista."

A littattafan da nake karantawa, miji da mukullin mota yake shigowa. Nawa da jiri ya shigo.

Kuɗin da na ware don biyan ci gaban labarin da nake bi a waya na kai wa mai shayin, na sayo ƙwan nan dai. Ban san ko jarumar za ta fito daga asibiti ba. Shi kam na tsaya a kansa har ya cinye.