Hoton Baba a Jikin Taga

Yaya Gwadabe,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba? Ya Inna da mutanen Haɗeja? Ina lafiya a Alƙahira, barci ne kawai ya ragu.

Hoton cikin Baba ya iso. A taga ka ɗaga shi ka ɗauka da waya, sai ganyen darbejiyarmu ya rufe rabin hantar. Ka karɓo faifan da ke ɗauke da ainihin hoton daga asibiti. Aikina kullum duba irin wannan hoto ne, in kimanta inda kansar hanji ta dosa.

Rabin da ganye bai rufe ba, sau uku na duba shi. Kada a jira girbin shinkafa kafin a kai Baba asibitin Kano. Ina tafe ranar Laraba. Ka ce masa hutu na samu.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanwarka,
Mardiyya